Kaji 47 a ɗakin kaza 16

Wallahi ban san kajina sun kai 47 ba sai ranar da na tsinci gawar ɗaya daga cikin matasan a lungun akurki, 'yan uwanta sun caccake mata gindi har hanji ya fito. Da safe ne, farkon watan Fabrairu, hazon hunturu bai gama washewa ba. Na tsaya riƙe da robar dusa ina kallonta, warin kashi yana min yaji a ido kamar ana yanka albasa, su kuwa sauran ko a jikinsu, sai hawa kan juna suke suna rububin abinci. Baban yara ya leƙo ta bayana da buta a hannu yace "Maman Ummi, wai su nawa ne yanzu?" Nace ba za su wuce 30 ba. Bai ce komai ba. Bayan isha'i ya ɗauko tocila yace in zo mu ƙirga, tunda kaza in ta kwanta da dare ba ta gudu. Sau biyu muka ƙirga. Zakaru masu cara 9, manyan mata 21, matasa 'yan wata 2 zuwa 4 guda 11, sai 'yan tsaki 6 da ke ƙarƙashin uwarsu. 47 cif, ban da wadda ta mutu.

Asalinsu kuwa kaza ɗaya ce da zakara ɗaya. Lokacin da muka tare a gidanmu na Pantami a 2021, Dada, mahaifiyar maigidan, ta zo mana daga Dukku da wata 'yar durguwar kaza baƙa da jan zakara a cikin kwando, tace gidan da ba kaza ai kango ne. Durguwa ta yi ta ƙyanƙyasa, 'ya'yanta suka tashi suka ɗora, ana ci ana kyauta amma ba a gani. Sai kuma ni da kwaɗayin ƙwai na je na sayo 'yan tsakin noila, kajin nan ruwa biyu da ake kiwo don nama da ƙwai, guda 12 a damunar 2023, 10 suka rayu, mata 8 maza 2. Addata ma ta kawo nata 2 in riƙe mata saboda a lokacin gidan haya take kuma mai gidan ba ya son kiwo. Duk wannan bai taɓa zama matsala ba saboda akwai fili a jikin katangarmu, fuloti biyu da ba a gina ba, da safe in na buɗe su sai su bi ta rariya su fice su yini suna tono, akurki na kwana ne kawai. Ƙarshen 2024 mai filin ya zo ya sauke bulo ya kewaye abinsa. Shikenan, kajin da suka saba yawo suka koma zaman kurkuku, sai da la'asar in sake su tsakar gida na awa ɗaya, shi ma da faɗa, kashi a kan tabarma, kashi a bakin kicin, ranar nan har a kan dardumar sallar Baban yara.

Akwai wani malamin dabbobi da suke sallah a masallaci ɗaya da Baban yara, shi yake kawo mana maganin rigakafin Lasota muna rabawa da maƙwabta duk bayan wata 3 saboda fakat, wannan da ke share unguwa guda da hunturu, ka ga kaza tana zawo kore wuyanta ya murɗe. Shi aka kira. Na ɗauka magani zai rubuta, har na tanadi kuɗi, sai yace a ba shi tef ɗin awo. Ya auna akurki, ƙafa 8 tsawo, ƙafa 6 faɗi. Yace "Hajiya kin san tayil ɗin nan mai ƙafa ɗaya-ɗaya? Guda 48 ne zai shiga ɗakin nan. Kajinki 47. Kowace kaza tayil ɗaya kenan. Ke ma in aka tsayar da ke a kan tayil ɗaya daga safe zuwa dare ke da maƙwabciyarki, sai kin cije ta." Yace kazar da ke kulle ba ta fita, a irin zafinmu, a ba ta ko da tayil 3 ne, wato ɗakina na kaza 16 ne, in an matsa 18. Kuma yace in hanzarta, Maris da Afrilu na tafe, lokacin da zafin Gombe ke taɓa digiri 40, kaza kuma ba ta gumi, haki kawai take baki buɗe, in suna cunkushe rana ɗaya za a iya kwashe gawa 5. Ga azumi za a fara ranar 1 ga Maris, wa zai iya da sharar kashin kaza 47 da ƙishirwa.

Da ya tafi na ɗauko tsohon littafin lissafin Ummi na yi abin da na daɗe ina gudu. Babbar kaza tana cin wajen giram 120 a rana. Manya 30 gare ni, kilo 3 da rabi kenan da ɗoriya kullum, buhun abincinsu mai kilo 25 sati ɗaya ya tashi, ban ma sa matasan a lissafi ba. Buhun kuwa tun da aka cire tallafin mai a 2023 masara ta yi tashin gwauron zabo har lokacin bai sake sauka yadda yake ba, shi ya sa nake aikawa Tudun Hatsi a sayo min masara da dusa ina haɗawa in ja shi. Ƙwai fa? 5, wata rana 6. Daga mata 21. Na kalli lambar nan na rufe littafin, kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki.

Amma a lokacin gani nake zaɓen abu ne mai sauƙi, kajina ne, kullum ina tare da su, ai ido ma ya isa. Na zauna a kujera 'yar tsugunno da la'asar ina kallonsu ina yanke hukunci a zuci, wannan kyakkyawa ce ta zauna, wannan mummuna ce ta tafi. Ta farko a masu tafiya ita ce Wake-wake, wata ramammiya mai figaggen baya, gashinta duk ya kakkarye, ƙafafu sun koɗe, ga ta da tsallake, kullum sai ta bi ta inda waya ta yage a sama ta fice, kuma ban taɓa ganinta a kwandon ƙwai ba ko sau ɗaya. Nace wannan ci kawai take. Ana haka Baffan maigidan ya kawo mana Dada daga Dukku za ta yi azumi a wurinmu, nace to ga dalili ya samu, a yi wa baƙi farfesu. Baban yara ya yanka, na zuba ruwan zafi na fige, na zauna bakin rariya na tsaga ciki. Ina sa hannu na ji abu mai tauri. Ƙwai ne da ɓawonsa, cikakke, wanda da an bar ta zuwa wayewar gari da ta ajiye shi. Bayansa ga gwaiduwa a cure wuri ɗaya, daga mai girman kanya, sai mai girman magarya, har ƙanana kamar ƙwayar gero da ba za su ƙirgu ba. Dada na zaune a tabarma tana jan carbi, ta miƙo wuya ta leƙa tasar tace "Ke 'yar nan, wa ya zaɓo wannan?" Nace ni ce Dada. Tace "Allah sarki. Kin yanka mai aiki kin bar masu kwalliya."

Farfesun nan ban iya ci ba. Kwana biyu bayan haka Auta yana neman ƙwallonsa a bayan itacen girki ya ƙwala min kira, a cikin tsohuwar tayar mota ga ƙwai 11 a jere. Nan take zuwa duk lokacin da ta tsallake. A daidai lokacin kuma Durguwa ta kwana 3 tana kwanci a kan wani dutse da ta tura ƙarƙashinta, in ka matso ta kumbura tana gurnani. Dada tace a sa mata su. Nace Dada ragewa fa muke yi. Tace "To a yi asara biyu kenan?" Na yi shiru, aka sa.

Kafin in sake taɓa wata kaza sai wata rigimar ta taso wadda sam ban kawo ta a raina ba, ashe kajin ba nawa ba ne ni kaɗai. A lissafin Dada, Durguwa ta ba mu kam, amma duk wata baƙa mai gajerun ƙafafu a gidan nan jininta ce, kuma ta nuna 4 da sanda tace kar wanda ya taɓa mata su ba da saninta ba. Ummi tana da Fingi, mai gashin nan a murtuke kamar an juya mata riga bai-bai, da kuɗin barka da sallarta ta saye ta. Auta yana da babban jan zakara da ya sa wa suna Kwamanda. Sai Adda, wadda muka yi da ita za mu raba duk abin da nata suka ƙyanƙyashe, amma shekara biyu ba wanda ya rubuta komai, na kira ta a waya tace "Ai nawa yanzu sun kusa 10 ko?" Ni a ƙirgena ba su kai ba, ita a nata sun wuce, kuma ba shaida, tunda kaza ba ta zuwa da takardar haihuwa. Abin da ya raba gardama, ɗaya daga cikin nata ce ke jan 'yan tsakin nan 6, kuma yanzu ta tare a nata gidan a Tumfure tana da fili. Nace Adda ga kajinki 2 ga 'yan tsaki 6 duka, a yafi juna. Ta yarda. Aka huda kwali aka zuba su, Keke Napep ya tafi da kai 8 rana ɗaya. In wani zai ba ni kiwon raba-daidai nan gaba kam, sai an ɗaura wa kazarsa zare an kuma rubuta.

Saura mata 18, noila 8 na gida 10, kuma 12 nake so in bari. Wannan karon Dada ce ta ja ragama. Bayan isha'i muka shiga, Ummi na haska tocila, ni ina kamowa, Dada na kan kujera a bakin ƙofa. Ta karɓi ta farko ta soke kanta a hammata, ta kama hannuna ta kai bayan kazar tace in laluba. Akwai ƙashi biyu masu tsini a gefe da gefen dubura, ta tsakaninsu ƙwai ke bi. In yatsu 3 suka kwanta a tsakani, ko 2 ga ƙaramar kazar gida, kuma ƙashin yana da laushi yana ɗan motsi, tana yi. In yatsa ɗaya ne da ƙyar, ta daina ko ba ta fara ba. Sai ƙasan ciki, na mai yin ƙwai taushi gare shi kamar kullin alkama, na wadda ta daina a tsuke yake ko kuma ya yi tauri da kitse. Duburar ma tana faɗa, ta mai yi tana da faɗi da danshi, ta maras yi a bushe take a tattare. Na kira malamin dabbobi washegari don in tabbatar, ya yi dariya yace Dada ta riga shi, abin da zai ƙara kawai in duba zanko, mai yi nata ja ne da ɗumi, wadda ta daina ya yamushe ya yi fari-fari, sannan masu rawayar ƙafa, yawan ƙwai yana janye rawayar, ƙafa da baki su koɗe. Wato duk abin da na gani a jikin Wake-wake na ƙi ta saboda shi, shi ne shaidar aikinta. Bayanta ma da ya fige, zakaru ne suka fi hawanta.

Akwai wasu noila 3 da nake alfahari da su, in baƙi suka zo su nake nunawa, manya, gashi na sheƙi, ƙafafu rawaya shar kamar an shafa musu kurkur. Yatsa ɗaya. Dukkansu. Na sake gwadawa ko hannuna ne, Dada tace ko sau goma zan gwada ba zai buɗe ba. Muka ɗaura musu jan zaren saƙa a ƙafa, masu zama kore, waɗanda muke shakka kuma rawaya. Masu rawayan su 5 na kife kowace a kwandonta da ruwa da abinci na kwana 4, duk wadda ta ajiye ƙwai ta fanshi kanta. 4 suka ajiye.

Sai dai na gida ba a auna su da ƙwai kaɗai, wannan ma Dada ce ta tsayar da ni. Kazar gida tana yin 10 zuwa 15 ne ta tsaya ta kwanta, kwana 21 ta ƙyanƙyashe, ta ja 'ya'yanta wata biyu ko fiye kafin ta koma, duk tsawon lokacin nan in kika gwada ta da yatsa faɗuwa za ta yi. Haka wadda ke zubar da gashi, ita ma hutu take. Tambayar da ake wa ta gida ita ce in an ba ta 10 nawa take fitarwa, kuma nawa take kaiwa yaye. Noila kuwa ba kasafai take kwanci ba, in babu na gida a cikinsu to babu ɗan tsako sai na saye. A nan Durguwa ta tsira, ta haura shekara 4, rabonta da ƙwan kirki an daɗe, amma ko na zabo aka sa mata sai ta zauna kwana 28 ɗin nan ba ta gajiya, kuma na taɓa ganinta da idona ta bi shaho da gudu har bakin rijiya. A nan kuma wata fara kyakkyawa ta faɗi, sau biyu tana tashi daga kan ƙwai a sati na biyu ta bar su su ruɓe. Ita ce ta biyar ɗin da ba ta ajiye komai a kwando ba. Fingi ma a gaskiya ba ta ci jarrabawar ba, ƙwanta sai an ga dama, amma Ummi ce ke riƙe da tocila, na ga hasken yana rawa, na ɗaura mata kore. Wannan kam son kai ne, na sani.

Biyun da suka cike 6 ɗin ba su ba ni wahala ba. Ɗaya noila ce mai shan ƙwai, na daɗe ina ganin ɓawo a fashe ina zargin gafiya, sai Auta ya kama ta da gwaiduwa a baki. Irin wannan ba a ba mai kiwo, koya wa sauran take, tukunya ce maganinta. Ɗayar kuma wata ce da ta daɗe tana minshari, ido ɗaya a kumbure, an ba ta magani ta ɗan warware ta koma, in ka taɓa ƙirjinta ƙashin kamar bakin wuƙa. Wata maƙwabciyata tace in haɗa ta da na sayarwa mana, wa zai lura. Ai da haka cuta ke yawo a gari, mutum ya ga kajinsa sun fara layi ya kwasa ya kai kasuwa, wani bawan Allah ya saya ya kai cikin nasa. Ga maganin da ta sha, a jikin takardarsa an rubuta kwanakin da za a jira kafin a ci naman, ba su cika ba. Baban yara ya yanka ta muka haƙa rami mai zurfi a bayan gida muka binne da toka.

Zakaru su ne asalin fitinar, kuma su na bari ƙarshe saboda na san inda za a je. Zakara ɗaya ya ishi mata 10, ni ina da 9 a kan 21, shi ya sa bayan kajin duk ya zama fata, shi ya sa faɗa ba dare ba rana, cara kuwa tun ƙarfe 3 sai ɗaya ya ɗauka sauran su amsa, maƙwabcinmu mai aikin dare ya taɓa yi wa Baban yara magana cikin raha amma mun gane. Biyu za su zauna. Na kwana biyu ina kallonsu, wannan karon ba kyau nake kallo ba. Akwai wani matsakaici, ruwa biyu ne noila da na gida, muna ce masa Ladan don shi ke fara cara, in ya samu ƙwaro ko tsaki ba ya haɗiyewa, sai ya yi ta kut-kut-kut yana ɗagawa yana ajiyewa har mata su zo su ci, in inuwar tsuntsu ta gifta shi ke fara ƙara kowa ya ɓuya. Shi na zaɓa.

Kwamanda ya fi kowa girma da kyau, ba musu. Amma ɗa ne ga jan zakaran nan na farko, kuma shi ne uban fiye da rabin gidan, yana hawa 'ya'yansa da jikokinsa, ƙyanƙyasar baya-bayan nan na lura 'yan tsakin ba sa girma, biyu ma yatsunsu a karkace. Sannan yana bin yara, ya taɓa tsalle ya kafta wa ɗan maƙwabta a ƙasan ido, Allah ne ya kiyaye. Da na faɗa wa Auta sai ya zube a ƙasa. Dada tace masa "Kai tashi, sabo da kaza ba ya hana yanka." Ai kamar ta zuba fetur, yaron nan ya ƙi tuwon dare, ya je ya zauna a bakin akurki wai gadi yake. Baban yara ne ya samo mafita, wani abokin aikinsa ɗan Kumo ma yana neman canza jini a nasa kajin, aka yi musaya, Kwamanda ya tafi Kumo da ransa a bayan mashin, aka kawo mana wani baƙi-da-ja da ba shi da dangi a gidan. Shi ma bai shiga cikinsu ba sai da ya kwana 14 shi kaɗai a zaure muna kallon kashinsa da numfashinsa. Auta har yanzu in an ce za a bi hanyar Kumo sai yace a gaishe masa da Kwamanda.

Sauran 7 na so in riƙe su zuwa jajibirin sallah da kaza ke tsada, amma na sake buɗe littafin, wata guda da 'yan kwanaki za su cinye fiye da buhu guda, ribar ta tafi a cikinsu, ga zafi. Na sa aka kira mai sayen kaji da ke zagaya unguwa da keji a bayan mashin. Nace ya bar mashin ɗinsa da kejinsa a waje, a zaure ma ban yarda ya shigo da su ba, Allah kaɗai ya san gidaje nawa kejin nan ya shiga a ranar, yara ne suka riƙa fito masa da su ɗaya-ɗaya ina daga bayan ƙofa. Ya ɗaga na farko ta ƙafa ya jinjina, ya matsa ƙirji, ya hura gashin ya kalli fata, ya taɓe baki yace "Hajiya gashi ne kawai, ba nama. 6,000." Nace albarka. Yace kasuwa ba daɗi, kowa ya ajiye kuɗinsa sai sallah. Nace to a mayar da su, sallar ma ba nisa. Ya tada mashin, ya kashe, ya ƙara 500, muka yi ta ja har aka kira la'asar, ƙarshe na sallama manya 4 a 8,000 kowane, ya haɗa da farar nan mai gudun ƙwai, na kuma faɗa masa ta yanka ce ba ta kiwo ba, ko ya faɗa wa mai saye oho. 3 na kife a lungu daban na buɗa-baki.

Matasan da sauri aka gama. Namiji tun yana wata 2 zankonsa ke fara ja, ƙafarsa ta yi kauri, daga baya gashin wuya ya yi tsini. Mata 4 masu jiki na ajiye su gaji tsofaffin. Maza 5, biyu na aika wa malamar Islamiyyar su Ummi, 3 na ba almajirin da ke mana ɗiban ruwa ya sayar ya sai takalmi. Biyun da suka tsumbure mai mashin ya kwasa a kuɗin da bai kai abincin da suka ci ba. Noila masu kwalliya kuma, da yake wuta ba ta da tabbas balle a ce firiza, dambu na yi da su har da mai shan ƙwai, tsohuwar kaza dama namanta tauri gare shi, sai an dafa ya yi lugub a daka a soya ya bushe, ya daɗe bai yi komai ba, da shi muka riƙa sahur. Da na tsaga cikin ukun nan na kira Dada ta gani, kitse ne rawaya jingim har ya rufe ƙundu, gwaiduwa ko ɗaya babu mai girman magarya. Ta kalla tace "Yauwa," ta koma carbinta.

Aka kwashe kashin akurki buhu 3 Baffa ya aiko aka kai masa gona, aka zuba sabuwar dusar katako, aka ɗinke wayar da ta yage. 18 suka rage, mata 12, sagaru 4, zakaru 2. Ƙwai bai ƙaru can ba, 5 ne ko 6, wata rana 7, daidai da abin da nake samu da, sai dai buhu yanzu yana kai kusan sati biyu, warin ya tafi, bayan kajin ya fara fitar da sabon gashi.

Ranar 15 ga azumi mun gama sahur ina wanke kwanuka, Auta ya zo da gudu yace Mama ana kuka a ƙarƙashin Durguwa. Na ma manta da lissafin kwanakin wallahi. 7 suka fito daga cikin 11, sauran 4 ina jin su ne waɗanda suka fi daɗewa a cikin tayar. Baban yara ya dawo daga masallaci ya tarar da mu a tsugunne, ya karɓi tocila ya haska, ya ƙirga a hankali yace "18 da 7, 25. Maman Ummi, akurkin fa har yanzu tayil 48 ne." Nace ai ƙanana ne tukuna. Auta yace mai jan kan nan nasa ne, Ummi ta ruga ɗaki ɗauko zare. Dada daga kan tabarma ko tasowa ba ta yi ba tace "Baƙaƙen nan biyu dai kar wanda ya taɓa min su."